Yadda Sule Ya Zama Kwabo Goma

Birnin Kudu da Gwaram ƙasashe ne biyu maƙwabtan juna a kudancin Jihar Jigawa, dab da iyakar ƙasar Bauchi. A da gundumomi ne na Sarkin Kano, kowace da hakiminta. A shekarar 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, yanzu kuwa suna cikin masarautar Dutse. Mutanensu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Wanda aka haifa a can wajen 1900, in Allah ya ja kwanansa ya kai shekara saba'in da biyar, to, ya ga kuɗi iri uku da idonsa. Ya ga wuri yana yaro, ya yi aure ya biya haraji da sule, ya kuma tsufa da naira a aljihunsa. Kowane canji daga cikin waɗannan ya zo da nasa lissafi, wanda bai gane lissafin da wuri ba kuwa shi ya kan yi hasara.

Wuri ba a ƙasar Hausa a ke samunsa ba. Ɓawon wata 'yar halitta ce ta cikin teku, mafi yawansa daga tsibiran Maldib ya ke fitowa, can cikin Tekun Indiya. Littafin tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Da shi a ke sayen gishiri da goro, da shi a ke biyan kuɗin ƙasa. Mai ƙirga ya kan zube shi a tabarma, ya riƙa jawo biyar biyar da yatsunsa, yana tarawa tsibi tsibi. Ashirin ita ce hauya, ɗari shi ne zangu, zambar ashirin kuwa, watau 20,000, shi ne keso, domin cikin tsohuwar tabarma a ke ɗinke shi. Keso guda kayan ƙato ne sosai. Mutumin Gwaram da ya sayar da doki a Kano sai ya nemi 'yan alaro ko jakuna su ɗauko masa kuɗinsa, ga hanya ba lafiya, don a ƙarni na goma sha tara Ningawa ba su bar wannan yanki ya huta da hari ba. Saboda haka manyan fatake suka fi son liyari, wani kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniyarsu, wanda kowane ɗaya 1780 ke rubuce a jikinsa ko da yaushe aka buga shi. Sa'ad da Dokta Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a bakin liyari guda. Daga baya jiragen Turawa suka yi ta jibgo wani wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar, darajarsa ta yi ta faɗuwa, har kafin ƙarshen ƙarnin sai an ninka wancan adadi.

Abin lura a nan shi ne, duk wahalar wuri a ɗauka ta ke da ƙirga, ba a lissafi ba. Goma goma ya ke hawa, daga goma zuwa ɗari, daga ɗari zuwa dubu, kamar yadda kowane yaro ke ƙirga da yatsunsa. Lissafin da ya zama baƙo ga Bahaushe shi ne wanda ya biyo baya.

Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Ba su so wuri ba ko kaɗan, don ba shi aikuwa zuwa Ikko, balle Ingila. A 1904 aka hana shigo da sabo, sa'an nan aka bi ta hanyar da ba ta da makawa, watau haraji. Da hakimi da dagaci suka ce ba su karɓar kome sai kuɗin Bature, tilas talaka ya nemo shi, ko ya sayar da amfanin gona, ko ya tafi ƙodago. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, sule ya fara malala cikin ƙauyuka. A 1912 aka kafa wata hukuma a Landan mai buga wa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya.

To, ga yadda kuɗin nan ya ke. Kwabo goma sha biyu shi ne sule, sule ashirin shi ne fam, watau fam guda kwabo 240 ke nan. Wannan tsari ya girmi Ingila ta yanzu, don tun zamanin wani sarkin Turai mai suna Sharlaman, fiye da shekara dubu da suka wuce, a ke yanka laba guda ta azurfa gida 240. Hausawa ba su tsaya wahala da sunayen Turanci ba, suka raɗa wa kowane nasa. Kwabo uku taro, shida sisi, tara nai, kwabo da rabi ahu, sule biyu dala ko fataka. Rabin kwabo suka ce masa ɗari, masana harshe kuwa suna ganin daga wuri ɗari sunan ya samo asali. Ƙaraminsu duka shi ne anini, guda goma ke yin kwabo. An buga shi ne musamman don ya maye gurbin wuri a wajen sayen daddawa da kuka da gishirin miya, aka huda tsakiyarsa don a zura a zare, aka yi masa tauraro da rubutun Larabci. Wanda aka fara bugawa a 1907 na sanholo ne, kuma yana cikin kuɗaɗen sanholo na farko da aka kashe a kasuwa a duniya duka. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, daga kuɗin da a ke sayenta ta sami sunanta.

Ba za a ce tsarin nan ba shi da wani amfani ba. Goma sha biyu tana rabuwa biyu, tana rabuwa uku, da huɗu, da shida, ba saura. Mutum uku da suka yi aikin sule guda, kowa ya ɗauki kwabo huɗu a tashi lafiya, abin da goma ba ta iyawa. Mai tallan fura ba ta taɓa kuka da taro da sisi ba. Wahalar tana wajen mai alƙalami. A ce malamin haraji na Birnin Kudu zai tara fam ɗaya da sule goma sha bakwai da nai, da kuma sule goma sha biyar da sisi. Sai ya fara da kwabbai, tara da shida goma sha biyar, ya fitar da sule guda ya bar taro. Ya koma kan suloli, ya sami talatin da uku, ya fitar da fam guda ya bar goma sha uku. Jimla fam biyu da sule goma sha uku da taro. Layi uku, kowane da dokarsa. In kuwa sunayen masu biya sun kai dubu, ga fitilar ƙwai, ga Baitulmalin Kano na jiran kuɗi su cika cif, ba abin mamaki ba ne a kwana ana neman inda sisi ya ɓata. Yaran makaranta ma shekaru su ke ɓatawa a kan wannan kafin su wuce gaba.

Waɗansu ƙasashe sun daɗe da raba kansu da irin wannan wahala. Rasha ta raba kuɗinta gida ɗari tun 1704, Amurka ta yi haka a 1792, Faransa a 1795. Ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila su ne suka yi nauyin jiki. Nijeriya ta sami Babban Bankinta, ya buɗe ran 1 ga Yuli 1959, ya fitar da kuɗin ƙasa na kanta, amma fam da sule da kwabo ne dai aka sake wa hoto. A 1962 Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta naɗa kwamiti ya duba maganar komawa lissafin goma goma, ya kawo rahotonsa a 1964. Kafin a yi wani abu sai juyin mulkin 1966 ya auku, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. An dai canja takardun kuɗi a Janairun 1968, amma wannan dabarar yaƙi ce, don a kashe waɗanda ke hannun 'yan Biyafara. Cikin wannan tsakani Saliyo ta canja a 1964, Gana a 1965, Gambiya a 1971. Ingila kanta, mai abin, ta yar da shi ran 15 ga Fabrairu 1971. Aka bar Nijeriya tana riƙe da kayan aro wanda mai shi ya riga ya jefar.

Ran 31 ga Maris 1971 Janar Yakubu Gowon ya ba da sanarwa cewa za a canja ran 1 ga Janairu 1973. Cif Obafemi Awolowo, wanda ya riƙe ma'aikatar kuɗi lokacin yaƙi, shi ya fitar da sunan naira daga cikin sunan Nijeriya. Amma kafin ranar ta zo ya bar aiki, Alhaji Shehu Shagari ne ke kan kujerar sa'ad da aka yi canjin, Dokta Clement Isong kuwa shi ne Gwamnan Babban Banki.

Masu shirin sun yi hikima guda wadda ta sauƙaƙa kome. Ba su ce fam ne zai zama naira ba, sai suka ɗauki sule goma suka ce shi ne naira, suka raba ta kwabo ɗari. Da haka fam ya zama naira biyu daidai, sule ya zama kwabo goma daidai, sisi ya zama kwabo biyar. Sule goma sha bakwai, sai a rubuta ₦1.70, ba wani fitarwa. Aka buga takardu na kwabo hamsin, da naira ɗaya, da biyar, da goma. Aka buga tsaba ta rabin kwabo, da kwabo, da biyar, da goma, da ashirin da biyar. Manomin Arewa ya ga abinsa a jiki, don auduga ce a kan rabin kwabo, gyaɗa kuwa a kan ashirin da biyar. A kan kwabo guda aka sa hasumiyar haƙar man fetur, wanda a shekarun nan ya ke shirin ture su duka biyu.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen kwabo. Sunan bai canja ba a bakin Bahaushe, amma abin ya canja. Da goma sha biyu ke yin sule, yanzu goma. Sabon kwabo ya fi tsohon da kashi ɗaya cikin biyar. Mai ƙosai da ke sayar da ɗaya kwabo, in ta ci gaba da cewa ɗaya kwabo, to, mai sule guda da ya saba karɓar goma sha biyu yanzu goma zai karɓa, ba kuwa wanda ya yi masa ƙarya. Taro ya zama kwabo biyu da rabi, mai sayarwa kuwa ba ya cika son rabi, sai ya ce uku. Wanda ke cinikin fam fam bai ji kome ba. Wanda duk cefanensa na kwabo da taro ne, shi abin ya ɗan cije shi kowace safiya. Aka kuma yi rashin sa'a canjin ya faɗo cikin farin 1972 da 1973, hatsi ya yi tsada, ga ƙarin albashin Udoji ya biyo baya a 1975 ya daɗa hura wutar farashi. Talakawa da yawa suka ɗora wa naira laifin duka, suka ce ba ta da albarkar sule. Laifinta a ciki kaɗan ne, amma ita ce a hannu, fari da Udoji kuwa ba a ganinsu a tafin hannu.

A lokacin nan Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano, Audu Bako na Gwamna, Alhaji Ado Bayero na Sarki. Bayani ya zo ta rediyo da jarida da bakin hakimai da dagatai, aka kuma bar tsofaffin kuɗi suna tafiya tare da sababbi na ɗan lokaci don mutane su saba. Amma banki a wancan zamani abin birni ne. Sai a 1977 Gwamnati ta tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara. Bafillacen da ke rugga da tsohuwar da ta binne sulallanta cikin tukunya a ƙarƙashin gado, ba su da wurin canji sai hannun ɗan kasuwa. In ya ji tsoron Allah su sami kuɗinsu cif, in bai ji ba su sami abin da ya ga dama. Wanda ya iya karanta lamba ya kuma riƙe cewa sule goma ne naira, shi ba a cuce shi ba.

Ba kuɗi kaɗai aka juya a shekarun nan ba. Ran 2 ga Afrilu 1972 motoci suka bar hannun hagu suka koma dama, don a daidaita da Nijar da Kamaru da Dahomi. Direbobin da ke bin hanyar Kano ta Wudil da Birnin Kudu zuwa Maiduguri ba su gama sabawa da wannan ba, sai ga maganar awo.

Hausawa suna da awonsu tun kafin Bature. Ana auna zane da kamu, igiya da zurfin rijiya da gaba, fili da taki, hatsi da mudu da dami, zinariya da miskali. Sai dai kamun dogo ba ɗaya ya ke da na gajere ba. Turawa suka kawo inci da ƙafa da yadi da mil, da oza da laba da tan, da galan da eka. Su ma lissafinsu a karkace ya ke kamar na kuɗinsu: inci goma sha biyu ƙafa, ƙafa uku yadi, yadi 1,760 mil, oza goma sha shida laba, laba 2,240 tan. Da wannan a ke auna gyaɗa da auduga a kan sikeli, manomi na tsaye yana kallon allura tana rawa, abin da malamin awo ya faɗa shi ke nan.

Awon mita daga Faransa ya fito, zamanin da suka tuɓe sarkinsu. Masanansu suka ce kada a sake auna kome da hannun wani sarki ko ƙafarsa, a auna da duniya kanta, wadda ba ta kowa ba ce. Suka ce a raba nisan da ke tsakanin ƙuryar duniya ta arewa da tsakiyarta gida miliyan goma, kashi ɗaya shi ne mita. Mutum biyu, Delambre da Méchain, suka fita a 1792 suna auna ƙasa daga Dankak zuwa Basalona, ga yaƙi ana yi, har akan kama su a ce 'yan leƙen asiri ne. Sai da suka shekara shida. A 1799 aka ƙera sandar mita ta farko. Daga mita aka fitar da sauran: mita dubu kilomita, ruwan da ya cika lita guda kuwa nauyinsa kilo guda. Faransawa kansu ba su karɓa da daɗin rai ba, sai da aka tilasta musu daga 1840. A 1875 ƙasashe goma sha bakwai suka sa hannu a Faris a kan su riƙa aiki da awo ɗaya. Wannan ya sa mutumin Damagaram da Maraɗi, da ya ke Faransa ce ta mallake su, ya san kilo da lita tun kakansa, alhali ɗan'uwansa na Maigatari, tafiyar yini guda, yana fama da laba da galan.

Nijeriya ta bi sahu tare da canjin kuɗi, aka kuma ƙarfafa abin da Dokar Awo da Ma'auni ta 1974. Allunan hanya suka koma kilomita, tafiyar mil goma ta zama kilomita goma sha shida. Gidajen mai suka bar galan suka kama lita, galan guda lita huɗu da rabi da ɗan ɗoriya. Laba ta ba kilo wuri, kilo guda ya fi laba biyu kaɗan. Malaman gona suka koma lissafi da hekta, wadda ta kusa eka biyu da rabi. Buhun takin zamani da na siminti suka tsaya a kilo hamsin. Asibiti da makaranta da ofis duk suka bi, yaran da suka shiga firamare a shirin ilmi kyauta na 1976 ba su taɓa tara fam da sule a allo ba.

Amma doka iyakarta inda ma'aikacin Gwamnati ke iya kaiwa. A shiga kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, ko ta Birnin Kudu, a ce a ba da gero kilo biyu, sai a yi wa mutum kallon baƙo. Mudu da tiya ke mulki har yau. Tela yadi ya sani, atamfa da shadda da yadi a ke yanka su. Zakkar fid da kai da mudun Annabi a ke fitar da ita, huɗu ga kowane mutum, wannan kuwa ba wata doka da ta taɓa nufin ta taɓa shi. Riƙon mudu yana da dalili, don kowa yana ganin cikarsa da idonsa, ba ya bukatar karatu, ba ya lalacewa kamar sikeli. Aibinsa shi ne ba mudu biyu da suka zama ɗaya. Akwai mai saye da babba ya sayar da ƙarami, akwai mai bubbuge gindin kwano ya shige ciki, akwai mai tara hannu a gefe in shi ke saye, ya janye in shi ke sayarwa. Buhun da a ke kira na kilo ɗari, galibi tiya arba'in a ke lissafa masa, ba a ɗora shi a sikeli ba. Riɗi da zoɓo na Jigawa kuwa, waɗanda a ke fita da su ƙasashen waje, da mudu a ke tara su a ƙauye, da kilo a ke sayar da su a Kano. Abin da ke tsakanin awon nan biyu ba aljihun manomi ya ke shiga ba.

Naira ta fito da ƙarfinta, don a 1973 guda ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi. A 1977 aka fitar da takardar naira ashirin mai hoton Janar Murtala Muhammed, mutane suka riƙa kiranta da sunansa, mai ita kuwa a lokacin attajiri ne na yini guda. Daga 1986 darajarta ta fara zubewa. Aka yi ta ƙaro manyan takardu, hamsin a 1991, ɗari a 1999, har dubu a 2005, a 2024 kuwa dala guda ta wuce naira dubu. Kwabo, wanda aka yi duk wannan shiri dominsa, ya ɓace daga kasuwa kamar yadda wuri ya ɓace. An sake buga tsaba a 2007, mutane suka ƙi karɓa. Yanzu sai a takardar banki da allon gidan mai a ke ganinsa.

Tsofaffin sunaye kuwa sun fi kuɗin kansu tsawon rai. Shekaru da yawa bayan 1973 ana ce wa kwabo goma sule, ana ce wa naira biyu fam. Wanda bai taɓa ganin anini ba ya kan rantse ba shi da ko anini, wanda aka haifa bayan an daina sisi ya kan ce ba a ba shi ko sisin kwabo ba. A zamanin En'e sule dubu biyu a ke ƙullewa cikin jaka guda a kai Baitulmali, watau fam ɗari. Har yanzu in dattijo ya ce jaka a kasuwar dabbobi, naira ɗari biyu ya ke nufi, jaka biyar kuwa dubu. In aka haye iyaka zuwa Nijar, jaka sefa dubu ce, dala kuwa sefa biyar, saboda haka mai kai shanu Maigatari ya kan fara tambayar jakar wace ƙasa a ke magana kafin ya sallama.